Deksa, Ciwon Ciki Da Lafiyar 'Yan'uwa

Jawabi ga dattawa, Zumuntar Mata da matasan ikilisiyoyinmu na Gwashi, Anka, Gummi da Bukkuyum

Mun gode wa Allah da ya kawo kowa lafiya, don mun san yadda hanyoyinmu suke a wannan zamani. Wasunku sun yi sammako daga ƙauye, wasu sun kwana a hanya. Ubangiji ya sa albarka.

Maganar da muka kawo yau ba irin wadda aka saba ji daga bakin fasto ba ce. Maganar wata 'yar ƙwaya ce da ake kira deksa, da ƙanwarta firednisolon, da abin da suke yi wa cikin mutum. Dalilinmu kuwa shi ne, a ziyarar marasa lafiya kusan duk gidan da muka shiga sai mu tarar da ledar magani a gefen tabarma, in aka buɗe kuma sai a ga deksa a ciki. Mai sanyin ƙashi yana sha, mai fuka yana sha, mai ƙaiƙayin jiki yana sha, budurwa mai neman ƙiba tana sha. Bayan 'yan makonni sai a aiko mana cewa a zo a yi addu'a, wane yana fama da ciki. Za mu zo, kuma za mu yi addu'ar da dukan zuciya. Amma makiyayin da ya ga tumakinsa suna kiwo a inda tunguwa take, ya yi shiru, bai yi aikinsa ba.

Bari mu fara da faɗin gaskiya a kan maganin, kada wani ya fita daga nan yana cewa fasto ya ce deksa guba ce. Allah ya halicci wasu 'yan ƙananan halittu guda biyu a jikinmu, kowace tana zaune a kan ƙoda. Suna fitar da wani sinadari mai suna kotisol, wanda yake riƙe ƙarfin jini da sukarin jini, yana kuma kwantar da kumburi. Magungunan da likitoci ke kira sitiroyid kwaikwayon wannan sinadari ne. A shekarar 1948, a asibitin Mayo da ke Amurka, wani likita mai suna Philip Hench ya gwada irinsa na farko a kan wata mata da ciwon gaɓɓai ya kwantar, cikin 'yan kwanaki ta tashi tana tafiya. A 1950 aka ba shi lambar Nobel tare da Edward Kendall da Tadeus Reichstein. Deksa ta zo daga baya, a ƙarshen shekarun 1950, kuma ƙarfinta ya ninka na kotisol sau 25 ko fiye. Kada ƙanƙantar ƙwayar ta ruɗe mu.

Rayuka da yawa sun tsira ta dalilinta. Ana ba mai fuka da numfashi ya sarƙe masa, ana ba yaro mai ciwon ƙodar da ke kumbura jiki, ana yi wa mace allurarta in haihuwa ta taso kafin lokaci don huhun jariri ya nuna. A watan Yuni na 2020 masana a Jami'ar Oxford ta Ingila suka sanar cewa deksa ta rage mutuwa da kashi ɗaya cikin uku a tsakanin masu korona da ke kan na'urar numfashi. Amma binciken nan ɗin ya nuna ba ta amfani waɗanda ciwonsu bai kai ga buƙatar iskar asibiti ba. Dattawanmu kuma suna tuna asibitin kutare na Amanawa kusa da Sakkwato, inda mishan na SIM suka yi hidima tun ƙarshen shekarun 1930. Har yau idan kuturta ta tasar wa jijiyoyi, firednisolon ake bayarwa na tsawon watanni don a ceci hannu da ƙafa. Saboda haka akwai waɗanda dole ne su sha, kuma don su ma muke wannan magana.

To, me take yi wa ciki? Tumbin mutum yana da ruwa mai tsami ƙwarai wanda yake narkar da abinci. Abin da ya hana wannan ruwa cin tumbin da kansa shi ne wata majina da ke shafe a bangonsa, kamar yadda yaɓe yake kare katangar ƙasa daga ruwan sama. Sitiroyid yana rage wannan kariya, yana kuma jinkirta warkewar duk wani ɗan rauni da ya samu a wurin. Shi ya sa mai sha yakan fara jin ƙwarnafi, zafi a ƙahon zuci, tashin zuciya, kumburin ciki da yawan gyatsa. Wasu, musamman maza, deksa takan sa musu shaƙuwa mai naci har kwana biyu. Wasu kuma harshe da maƙogwaro su yi fari kamar an zuba nono, haɗiya ta riƙa ciwo, domin maganin ya rage garkuwar jiki. Mai amfani da abin shaƙa na fuka irin mai sitiroyid, ya riƙa kuskure baki da ruwa ya tofar bayan kowace shaƙa, wannan ya isa ya kare shi sau da yawa.

Likitoci sun ce sitiroyid shi kaɗai, a ɗan gajeren lokaci, ba kasafai yake huda ciki ba. Babban haɗarin yana wurin haɗi. Ku duba yadda ake sayen magani a kasuwanninmu. Manomi ya taso daga gona, baya da gwiwa suna ciwo, ya tsaya wurin mai tebur ko ƙaramin kemis ya ce a haɗa masa na ciwon jiki. Sai a ƙulla masa ƙwaya huɗu ko biyar a leda, ba kwali, ba suna. A ciki galibi akwai deksa, akwai dikulofenak ko ibufurofen ko Feldene, wani lokaci biyu daga cikinsu a tare. Waɗannan magungunan ciwo su ma suna kankare kariyar tumbi, har sun fi sitiroyid yin haka. Ɗaya yana kankarewa, ɗaya yana hana warkewa. Wani bincike da aka buga a 1991 a kan tsofaffi a jihar Tennessee ta Amurka ya samu cewa masu shan iri biyun a tare, haɗarin gyambon ciki a gare su ya ninka na wanda ba ya shan ko ɗaya sau 15. Kuma mutanenmu da asuba suke haɗiye shi, ciki ba komai, su kora da shayi mai kauri ko su bi da goro, su kama hanyar gona.

Ba mu ce masu sayarwa duk mugaye ne ba. Da yawansu maƙwabtanmu ne, suna ba da bashi a lokacin da ba mu da ko sisi, kuma a ƙauyen da asibiti yake nesa, hanya kuma ba lafiya, su ne kusa. Amma haƙƙinka ne ka tambayi sunan kowace ƙwaya. In ba zai faɗa ba, ko bai sani ba, kada ka saya. Haka kuma ruwan jarka na sanyin ƙashi da ake yawo da shi a mota da lasifika. In ka sha abin da aka ce sassaƙe ne zalla, ciwon shekara goma ya ɗauke cikin kwana biyu, bayan wata ɗaya fuska ta cika ta yi zagaye, to ka yi zargin an niƙa deksa a ciki. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana ba magani lamba, ku duba ta a jikin kwalba. Abin da ba shi da lamba, ba shi da sunan mai yi, ba ka da wanda za ka riƙe.

Akwai wani abu da ya fi ba mu tsoro. Sitiroyid yana ɓoye ciwo. Shi aikinsa kwantar da zafi da kumburi ne, saboda haka yakan rufe ƙararrawar da Allah ya sa a jiki. A yankinmu taifot tana da yawa, kuma sananne ne tana iya huda hanji. Wanda ba ya shan deksa, in hanjinsa ya huje zazzaɓi zai tashi, ciki ya ƙame kamar katako, kowa ya san sai asibiti. Mai shan deksa kuwa yana iya zama da hujin, zazzaɓi kaɗan, ciwo kaɗan, har lokaci ya ƙure. Don haka ciwon ciki ga mai shan wannan magani ba abin a jira gobe ba ne. Idan bayan gida ya zama baƙi ƙirin kamar kwalta, mai danƙo da mugun wari, jini ne yake zuba daga sama. Idan amai ya zo da jini, ko da baƙin gari-gari, haka ne. Idan jiri yana ɗibar mutum in ya miƙe, tafin hannu da cikin ido suka yi fari, a nemi abin hawa nan take zuwa babban asibitin Anka ko na Gummi ko wanda ya fi kusa, su kuma in ya fi ƙarfinsu su tura Gusau ko asibitin koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Iyayenmu mata, ku lura, ƙwayar ƙarin jini da ake ba masu juna biyu ita ma tana baƙanta bayan gida, amma ba ta sa danƙo da warin nan. In kuna shakka, ku nuna wa ma'aikacin lafiya. A tafi da ledar maganin duka, har da jarkar, kuma a faɗi gaskiya. Likita ba alƙali ba ne.

Mu mutanen wannan yanki muna da wani dalili na musamman da zai hana mu ɗora wa olsa kowane ciwon ciki. Ba wanda ya manta 2010, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, a ƙauyuka irin su Dareta, Yargalma da Abare, kuma sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega. An fi maganar yara domin su ne suka fi mutuwa. Amma babba ma dalma tana kama shi, kuma alamunta su ne murɗar ciki mai tsanani, taurin bayan gida, ciwon gaɓɓai, kasala da ƙarancin jini. Ku ga yadda abin yake haɗuwa. Saurayi mai aikin haƙa yana jin ciwon gaɓɓai saboda dalma, ya sayi haɗin deksa da dikulofenak, ciki ya ƙara rikicewa, ya ƙara da maganin olsa, asalin ciwon kuwa yana nan yana ci. Duk mai aiki a ramin zinariya ko wurin niƙa, ya faɗa wa likita sana'arsa, ya roƙi a auna jininsa.

Yanzu ga wanda likita ya rubuta masa, yaya zai sha cikinsa ya zauna lafiya? Da safe ake sha, bayan karin kumallo, sai dai in likita ya tsara wani lokaci dabam. Da safe ne jiki da kansa yake fitar da kotisol, kuma shan dare yana hana barci. Karin kumallon ya zama abinci na gaske, ɗumamen tuwo, ko koko da ƙosai, ko fura, ba kurɓin shayi ba. A kora da cikakken kofin ruwa, kada a koma a kwanta nan da nan. In akwai ciwon jiki a sha farasitamol, babba kada ya wuce ƙwaya 8 ta miligiram 500 a yini. Tsoho, da wanda ya taɓa yin gyambon ciki, da wanda dole sai ya haɗa da maganin ciwo ko asfirin, ya tambayi likita ko zai ƙara masa omefirazol, wanda ake sha kamar rabin sa'a kafin karin kumallo don rage tsamin ciki. Farin ruwan ƙwarnafi da ake saya a kemis yana kwantar da zafi na ɗan lokaci, amma a sa sa'a biyu tsakaninsa da sitiroyid don kada ya hana shi shiga jini. Wanda olsa take yawan dawo masa kuma, sau da yawa wata ƙwayar cuta ce ke zaune a tumbinsa. Likitoci biyu 'yan Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, su suka gano ta, aka ba su lambar Nobel a 2005. Ana iya gwadawa, ana kuma iya kashe ta da magani na kamar mako biyu.

Mun san maganin gida na ƙwarnafi shi ne jiƙon kanwa. Tana sa gyatsa, mutum ya ji sauƙi. Amma kanwa dangin gishiri ce, sitiroyid kuma yana sa jiki ya riƙe gishiri da ruwa, ya tayar da hawan jini. Mai shan wannan magani ya rage kanwa, gishiri da dunƙulen miya. Ya rage barkono da goro in ya ga suna tayar masa, ya bar taba. Zai ji yunwa kamar bai taɓa ci ba, wannan aikin maganin ne. Ya ci kaɗan-kaɗan sau da yawa, ya yawaita wake, zogale da ganye, ya yi nesa da lemon kwalba da shayi mai cokali biyar na sukari, don sitiroyid yana tayar da sukarin jini. Wanda zai daɗe yana sha, ya yi wa likita maganar tsutsar ciki. Akwai wata irin ƙaramar tsutsa da ke shiga ta tafin ƙafa daga ƙasa, tana zama shekaru shiru, in garkuwar jiki ta faɗi sai ta yaɗu. Maganin da ya fi kashe ta shi ne irin Mectizan ɗin nan da muka sani.

Giya kuwa, ko burukutu ko ta kwalba, wuta ce a kan wuta. Mun san akwai mai cewa ai Bulus ya shawarci Timoti ya ɗan sha ruwan inabi saboda cikinsa, a 1 Timoti 5:23. Abin da muke gani a ayar shi ne manzo ya damu da cikin ɗansa a cikin bangaskiya har ya sa maganar a wasiƙa, ya ba shi shawara da abin da aka sani a zamaninsu. Timoti ba ya shan deksa.

Sai maganar azumi. Ikilisiyoyi da yawa sukan buɗe shekara da azumi da addu'a, wasu sukan yi kwana arba'in kafin Ista. Muna ƙaunar azumi, muna kuma yinsa. Amma mun ga masu haɗiye ƙwaya da asuba ciki ba komai don kada azumi ya karye, mun kuma ga masu ajiye maganin gaba ɗaya har a gama. Dukansu biyu haɗari ne. A matsayinmu na masu kiwon garke muna faɗa a fili: wanda likita ya ɗora a kan wannan magani, ya ci abinci ya sha maganinsa, ya zo addu'a tare da mu. Ba ya bin Allah bashin yini ko ɗaya. Kada wani dattijo ko shugabar mata ya dube shi da wani ido. In kuma maƙwabcinka Musulmi yana cikin irin wannan hali da watan azuminsu, ka ba shi shawara ya ga likita ya tsara masa lokacin sha, addininsu ma ya yi wa mara lafiya sauƙi.

Abin da za mu faɗa yanzu, muna roƙo kowa ya kai shi gida. Wanda ya sha sitiroyid fiye da mako uku, kada ya daina rana ɗaya. Waɗannan halittu na kan ƙoda, in suka ga ana kawo kotisol daga waje sai su kwanta barci, kuma tashinsu yana ɗaukar makonni, wani lokaci watanni. In aka yanke maganin kwatsam, jiki ya rasa na waje, ya rasa na ciki. Sai amai, ciwon ciki, gudawa, kasala mai tsanani, jini ya faɗi, mutum ya suma, yana iya mutuwa. Mutane sukan ɗauka kwalara ce ko sammu. Hanyar ita ce a riƙa ragewa kaɗan-kaɗan bisa tsarin likita. Wannan ya shafi har wanda ya fara sha da kansa ba bisa ƙa'ida ba. Kada jawabin nan ya tsorata ka ka je ka zubar da shi yau da dare. Ka kai shi asibiti a tsara maka sauka. In kuma mai shan ya kamu da amai har ƙwaya ba ta zama, a kai shi a yi masa ta allura.

A nan ne muke da magana da masu wa'azin da ke zuwa taron farkawa su ce duk mai bangaskiya ya kawo maganinsa gaba a ƙone. Mun gaskata Allah yana warkarwa, ba ma shakka. Amma ku karanta 2 Sarakuna sura 20. Allah ya riga ya yi wa Hezekiya alkawarin warkewa da ƙarin shekara goma sha biyar, duk da haka annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne, Bulus kuma bai ce ya bar sana'arsa ba. Baƙon mai wa'azi zai hau mota ya tafi ranar Litinin, mu ne za mu tsaya a bakin kabari tare da gwauruwa da marayu. Dattawa, duk wanda za ku ba bagadi, ku faɗa masa tun kafin ya hau cewa a ikilisiyar nan ba a ƙona magani. Wanda ya ji a jikinsa ya warke, ya koma wurin likita a gwada, a sauke shi a hankali, sa'an nan ya zo ya ba da shaida mu yi murna tare.

'Yan matanmu, da ku iyayensu. Mun san abin da ake yi in biki ya matso. Ana haɗa deksa da ƙwayar sa cin abinci, wadda wasu ke kira sha ka fashe, don amarya ta cika ido. Wannan ba ƙibar lafiya ba ce. Ruwa ne da kitse suke taruwa a fuska, wuya da ciki, hannu da ƙafa kuwa su sirance, nankarwa ta fito, al'ada ta rikice, ƙashi ya yi rauni, ga ƙwarnafi ba dare ba rana. Garin neman gira a rasa ido. Laifin ba na yarinya kaɗai ba ne, na gwaggo ne da ke cewa ta rame kamar ba a ba ta abinci, da dangin miji masu auna amarya da ido kamar saniyar kasuwa. Muna roƙon Zumuntar Mata su sa wannan magana cikin koyarwar da suke yi wa masu shirin aure.

Saura halin da muke ciki na rashin tsaro. Akwai lokacin da hanya takan rufe mako guda, akwai daren da mutum zai bar gida da rigar jikinsa kawai. Wanda yake kan wannan magani na dogon lokaci, kada ya bari ya ƙare kafin ya nemi wani, ya riƙa ajiye na mako ɗaya ko biyu a gefe. Ya rubuta sunan maganin da yawan da yake sha a 'yar takarda, ya ƙulle su tare a leda, a inda hannu zai kai cikin duhu. Mata ko miji ko babban ɗa su san wurin. Kowace ikilisiya kuma, sakatare ya san su wane ne a cikin membobi suke kan irin wannan magani, ba don a yaɗa ba, sai don in an watse a san wanda za a fara nema, in kuma wani zai shiga Gummi ko Anka ranar kasuwa a ba shi saƙon sayowa daga kemis mai rajista. In kuɗin ne babu, a faɗa wa dattawa, a duba asusun taimakon mabukata kafin ƙwayar ƙarshe ta ƙare.